Mara lafiya mai cuta uku a jiki ɗaya: wa aka koya wa kula da shi?

Umman_Sadiya
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma na san akwai ma'aikatan jinya da malamansu a zauren nan. Mahaifiyarmu shekarunta 71, ta daɗe da ciwon suga da hawan jini, sai wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta yi sati biyar a gadon asibiti. Aka sallame mu da robar abinci a hanci, da robar fitsari, da allurar insulin safe da yamma, da magunguna kala takwas a leda. Bayanin da aka yi mana ranar sallama a tsaye aka yi shi, ni kuma a lokacin hankalina yana kan motar da za ta kai mu gida.

Muka samo wata yarinya da aka ce mana nas ce, tana zuwa gida nan Tudun Jukun a Zariya kullum. Wallahi tana da kirki, ga tsabta, ga hannun allura. Amma kunu take ɗura wa Hajiya ta roba tana kwance a miƙe, ba a ɗaga ta ba. Kwana shida sai zazzaɓi da tari, muka koma asibiti aka ce abinci ya sauka a huhu. Da aka juya ta za a canza mata zane, sai ga gyambo a ƙugunta kamar faɗin murfin kofi. Na tambayi yarinyar, ta fashe da kuka, ta ce ita lokacin da take koyo ba a taɓa bar mata irin wannan mara lafiyar ba.

Ban riƙe ta a zuciya ba. Abin da nake tambaya shi ne, wa ake koya wa wannan aikin? Ni a ganina ana yaye masu jinya da suka iya cuta ɗaya-ɗaya, alhali tsofaffinmu da uku ko huɗu suke kwanciya.

Dan_Kofar_Doka
Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Mu ma mun ga irin wannan a kan kawunmu.

Baba_Nas_Mai_Ritaya
Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ku lada. Kafin a ɗora wa makarantun jinya laifi, ki fara tambayar yarinyar nan wace takarda take riƙe da ita. A garin nan duk wanda ya sa farar riga nas ake ce masa, kuma ba haka abin yake ba.

Nas mai rajista shekara 3 yake yi a makarantar jinya, ko shekara 5 a jami'a idan digiri ne, sannan ya ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, a ba shi lasisi. Akwai kuma nas na al'umma da ungozoma ta al'umma masu shekara 2, su ma majalisar ce ke ba su lasisi, don su yi aiki a ƙananan asibitocin yankinsu. CHEW, wato ma'aikatan kiwon lafiya na matakin farko, daban ne, hukumarsu ma daban ce. Sai waɗanda suka koyi aiki da ido a asibitin kuɗi, ake ce musu ogzilari. Waɗannan majalisa ba ta san da zamansu ba.

Ɗaga kan mara lafiya kafin a ba shi abinci ta roba, da juya shi duk bayan awa biyu, a shekarar farko ake koyar da su. Wanda ya bi ta makaranta ta gaskiya ya ji su. Ko ya yi su da hannunsa, wannan kuma wata magana ce.

Umman_Sadiya
Baba na gode. Na tambaye ta yanzu ta waya. Ta ce shekara biyu ta yi a wani asibitin kuɗi, mai asibitin ne ya ba ta takarda.

Sista_Rahila
To kin ji. Ba nas ba ce. Kullum mu ake zagi a kan aikin da ba mu muka yi ba, abin yana yi mini ciwo.

Ɗalibar_Jinya
Anti Rahila ki yi haƙuri, ni ina aji uku yanzu, kuma gaskiya ko ni aka kai gidan su Umman_Sadiya sai gabana ya faɗi. A takarda na san komai. Zan iya rubuto miki matakan gyambon kwanciya guda huɗu ba tare da na duba littafi ba. Amma idan aka tura mu wod, mu goma sha biyu ne a kan gado ɗaya, na gaba suna gani, na baya suna ganin ƙeyar na gaba. Robar hanci sau ɗaya na taɓa sakawa, shi ma a jikin mutum-mutumin ɗakin gwaji. Littafin da ake sa mana hannu a kai ya kusa cika, amma rabin abin da ke ciki kallo na yi, ban yi ba.

Kuma yadda ake karantar da mu, yau ciwon suga, gobe ciwon ƙoda, jibi shanyewar jiki, kowanne da babinsa. Ba a cika haɗa mana su a jikin mutum ɗaya a ce to, ga shi, me za ki fara dubawa ba. Don haka maganar Umman_Sadiya ba ta faɗi ƙasa ba.

Sista_Rahila
Ƙanwata na yarda da ke a kan yawan ɗalibai. Mu a zamaninmu ba mu kai haka ba. Amma ke idan kin fita akwai babba a kanki da za ta gyara miki. Ita waccan yarinyar ita kaɗai ce a ɗaki da mara lafiya, ba mai ce mata ba haka ake yi ba.

Malama_Mai_Koyarwa
Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki tunda aikina ke nan. Ɗalibar_Jinya ta faɗi gaskiya, kuma ba na jin kunyar amsawa.

Mara lafiya irin Hajiya, wahalarsa ba yawan cututtukan ba ce kaɗai, yadda suke cin karo da juna ne. Ki duba: shanyewar jiki ta hana ta haɗiya, shi ya sa aka sa roba. Idan robar ta toshe ko ta fita da dare, ba ta ci abinci ba, amma an riga an yi mata insulin, sai suga ya faɗi. Mai lafiyar baki zai ce miki yana jin yunwa, jikinsa na rawa. Ita ba ta iya magana. Abin da za ki gani gumi ne a goshi, da sanyin fata, da barcin da ya wuce ƙa'ida, sai 'yan gida su ce Alhamdulillahi yau ta samu barci. Shi kuma sugan idan ya hau, gyambon ba zai warke ba. Gyambon ya ɗauki ƙwayar cuta, zazzaɓi ya zo, zazzaɓin ya ƙara hargitsa sugan. Robar fitsari ita ma ƙofa ce ta ƙwayar cuta. Wanda bai ga wannan zaren ba, zai yi ta yin aiki ɗaya-ɗaya da kyau, mara lafiya kuma yana tafiya.

Abin da nake yi wa ɗalibaina a satin farko, ina shimfiɗa tabarma a kan siminti in sa kowacce ta kwanta rigingine minti talatin, ba motsi, ba gyara kwanciya. Kafin minti ashirin za ki ga ana ciccije leɓe. Idan sun tashi sai in ce kowacce ta nuna mini inda ya yi mata zafi. Ƙeya, kafaɗu, ƙugu, diddige. In ce to ku rubuta, nan ne za ku riƙa dubawa a jikin duk wanda ba ya iya juya kansa. Wadda ta kwanta a tabarmar nan ba na sake tuna mata maganar awa biyu.

Sai kuma in sa su yi bayani da Hausa. Da yawa sun iya faɗa da Turanci a jarrabawa, amma ki ce su fahimtar da tsohuwar da ke jinyar mijinta, sai baki ya ɗaure. Kuma ba a ce wa mai jinya "kin gane?", kowa zai ce eh don kunya. Ana ba ta sirinjin ne a ce yi in gani.

Abban_Khalifa
Malama Allah ya saka da alheri. Wannan maganar barcin ta taɓa ni. Mahaifina haka muka yi ta murna ya samu barci, ashe suga ne ya yi ƙasa. Allah ya taimaka ƙanena ya zo da na'urar gwaji, ya ga 41. Muka kwashe shi sai asibiti.

Dr_Na_Gida
Abban_Khalifa kun yi daidai da kuka tafi asibiti. Don amfanin kowa: duk abin da ya gaza 70 a na'urar nan, suga ya yi ƙasa. Idan mutum yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai ta baki, zai ƙware ya sauka huhu. Na sha ganin an ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu da cokali saboda ƙauna, ya zo mana da matsala biyu maimakon ɗaya.

A kan asalin tambayar, ni abin da nake nema a wurin mai jinya ba ya wuce ya san lokacin da abu ya fi ƙarfinsa. Wanda zai kira ni ya ce fitsarin da ke jaka yau bai kai rabin na jiya ba, kuma ya yi duhu, ya fi mini wanda ya iya sa ruwa a jijiya amma bai kalli jakar ba.

CHEW_Daga_Giwa
Ku a cikin gari kuna da zaɓi. Ga asibitin Shika, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa. Mu nan idan aka sallamo mutum da roba a hanci, ƙauye ake dawo da shi, kuma ni za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Horon da aka ba ni na rigakafi ne, da awon ciki, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawar yara, kuma akwai littafin ƙa'ida da ya iyakance mini abin da zan yi. Ba a shirya ni don mai shanyewar jiki da ciwon ƙoda ba. To in ce musu ba aikina ba ne? Wa za su kira? Ni da za a buɗe kwas ko na wata shida ne a kan kula da irin waɗannan a gida, da kuɗina zan je.

Hajiya_Mai_Atamfa
Don Allah a taimaka, zuma tana maganin gyambon kwanciya? Kishiyar mahaifiyata ce ke da shi, an ce mu riƙa sa zuma muna kuma murza wurin da man zafi.

Baba_Nas_Mai_Ritaya
Hajiya, ku daina murzawa yau ɗin nan. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu, naman ƙarƙashinsa ya riga ya wahala, murza shi ƙara masa rauni ne, man zafi kuma ƙuna ne. Zuma mai kyau ana amfani da ita a wanke ciwo, mu ma mun yi aiki da ita a wod, amma sai ma'aikaci ya ga ciwon tukuna ya san zurfinsa. Kuma ko me aka sa, muddin tana kwance a kan wurin ba zai warke ba. A juya ta, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗaga diddige kada ya taɓa katifa, zanen gado ya zama a bushe ba tattara. Ku kai ta a duba.

Bazazzagiya_A_Kanada
Sannunku da gida. Ni irin wannan aikin nake yi a nan. Akwai rukunin masu jinya da karatunsu bai kai na mai digiri ba, a nan Kanada kusan shekara 2 ne, a Amurka kuma wajen shekara 1, amma suna da jarrabawa da lasisi da hukumar da ke sa musu ido. A cikin nas-nas, su ne suka fi yawa a gidajen kula da tsofaffi. Abin da ya fi burge ni a horon shi ne iyaka. Ana nanata maka cewa mara lafiyar da yanayinsa ya daidaita naka ne, wanda yanayinsa ke canzawa kuwa dole ka haɗa kai da na sama da kai. Kuma kafin ka taɓa mutum, an sa ka yi a ɗakin gwaji sau da yawa, malama tana tsaye tana canza maka labari: yanzu numfashinsa ya ƙaru, yanzu ya daina amsa ki, me za ki yi? Har yadda za ka kira likita a waya ka ba shi bayani cikin minti ɗaya ana koyarwa.

Ba cewa nake a kwaso nasu a kawo Zariya ba. Su suna da wuta da injin ɗaga mara lafiya. Amma yarinyar da Umman_Sadiya ta ɗauka, da a ce akwai irin wannan matakin a buɗe gare ta, da ta shiga ta fito da sani.

Kwamared_Samaru
Ni fa ban yarda da wannan ba. Duk lokacin da aka rasa ma'aikata sai a ce a ƙirƙiro ƙaramin mataki mai araha. Nas-nas ɗinmu masu rajista suna nan, wasu ba aiki, wasu suna ficewa Ingila da Saudiyya saboda albashi. A 2024 har majalisar ta fito da ƙa'idar sai ka yi aikin shekara 2 kafin a tantance maka takardu don fita waje, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga. A biya su da kyau, a ɗauke su aiki, su je gidaje. Idan aka buɗe ƙofar kwas ɗin wata shida, gobe kowane mai kemis zai rataya takarda ya ce shi gwani ne.

CHEW_Daga_Giwa
Kwamared, ka turo mana nas mai rajista ɗaya ya zauna a garinmu, ni zan ba shi ɗaki. Kafin ya iso fa? Mutanen suna kwance yanzu.

Kwamared_Samaru
Ban raina aikinka ba ɗan'uwa, wallahi. Tsorona kada abin wucin gadi ya zama shi ne dindindin.

Sista_Rahila
A nan ina tare da Kwamared rabi. Idan za a yi, to ya zama a ƙarƙashin majalisa, da lasisi, da nas mai rajista da ke zagayawa tana duba aikinsu ko sau ɗaya a sati. In ba haka ba ogzilari ne aka canza wa suna.

Malam_Na_Banzazzau
Akwai abin da ba a taɓo ba. Mahaifinmu malami ne, ya shekara 80, ya ce mace ba za ta ga tsiraicinsa ba ko da zai mutu. Mun yi sati biyu muna neman namijin da ya iya canza robar fitsari ya zo gida. A ƙarshe ni na koyi wanke shi da gyara shi. A riƙa jawo samari cikin aikin nan, kuma a koya wa ɗalibai yadda ake rufe mutum da zane a buɗe iya wurin da ake aiki, a nemi izininsa ko da ba ya magana. Baba yana jin komai, idanunsa ne ke nunawa.

Malama_Mai_Koyarwa
Malam, wannan magana ce babba. Ina gaya wa ɗalibai, ku yi sallama, ku faɗi sunanku, ku ce Baba zan juya ka, ko da an ce muku ba ya ji. Da yawa daga masu shanyewar jiki suna fahimta, furtawa ce ta gagara.

Abban_Khalifa
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Unguwarmu sai mu kwana uku ba wuta. Insulin ɗin fa?

Dr_Na_Gida
Wanda ba a buɗe ba firji yake so, amma ba wurin ƙanƙara ba, idan ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yana kai kusan sati huɗu idan wurin bai wuce zafin digiri 30 ba. Lokacin zafin Maris da Afrilu ɗakunanmu suna wuce haka, sai a sa kwalbar a leda ko ƙaramin gwangwani mai murfi a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar. A rubuta ranar da aka buɗe a jiki. Irin wannan ma yana cikin abin da ya kamata mai jinya a Zariya ya sani, don shi za a tambaya, ba ni ba.

Sannan a kiyayi maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ga mai ciwon suga da hawan jini da ya tsufa, suna taɓa ƙoda. Ana saya a kemis kamar alewa.

Ɗalibar_Jinya
Malama, gobe zan roƙi sistar wod ɗinmu ta bar mini mara lafiya ɗaya in bi shi tun safe har tashi, maimakon in yi ta zagaya ina awon jini gado-gado. Ko za ta yarda?

Malama_Mai_Koyarwa
Ki roƙa. Ki zaɓi wanda ya fi kowa yawan roba a jiki, ki rubuta duk abin da ya shiga cikinsa da duk abin da ya fita. Idan ta ga kin zo da takarda a hannu, da wuya ta hana ki.

Umman_Sadiya
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yayana ya ce mu sallami yarinyar, ni kuma na ce a'a, don Hajiya ta saba da ita, idan ta shigo har fuskarta ke sakewa. Mun samu wata sista mai rajista a unguwa da ta yarda za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis tana wanke gyambon, tana kuma nuna mana aiki ni da yarinyar tare. Jiya ta zana mana agogo a kwali ta manna a bango, ƙarfe shida dama, takwas baya, goma hagu. Ta sa mun jingina Hajiya da filo uku kafin kunu, ta ce kada a kwantar da ita sai bayan awa ɗaya. Ta kuma nuna mana alamar da aka yi a jikin robar daidai bakin hanci, ta ce duk ranar da muka ga ta matsa waje kada mu zuba komai, mu kira ta.

Allura da magani na bar wa sistar ta tsara. Yarinyar kuma ta ce tana son shiga makaranta ta gaskiya, tana da sakamakon sakandare amma ba ta ci kimiyyar sinadarai ba.

Baba_Nas_Mai_Ritaya
Sai ta sake zama jarrabawar. Ana neman kiredit biyar ne, Turanci, lissafi, da kimiyyoyin nan uku, fiziks da kemistiri da bayoloji. Ki ce ta yi rajistar ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Ina da tsofaffin littattafan jikata a gida, ki turo yaro ya karɓa mata.

Kwamared_Samaru
Sistar nan da ke zuwa sau biyu a sati, nawa kuke ba ta? Ina tambaya ne don maƙwabcina yana cikin irin halin, kuma shi ɗan acaɓa ne.

Umman_Sadiya
Zan turo maka ta akwatin sirri, Kwamared. Mu biyar ne muke haɗawa duk wata, shi ya sa muke iyawa.